Hawan Babur A Fadamar Haɗejiya Da Nguru Cikin Damina

 A wannan mako muna so mu ɗauke ku zuwa wani yanki na ƙasarmu da Allah Ya wadata da ruwa, watau fadamar da ta miƙe daga Haɗejiya ta jihar Jigawa har zuwa Nguru da Gashuwa na jihar Yobe. Mun ratsa ta da rani, mun ratsa ta da damina, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yawan 'yan kasuwa da ma'aikata da ke shiga wannan ƙasa a kan babur cikin watannin Agusta da Satumba, lokacin da hanya da kogi sukan zama abu guda. Malamin makaranta zai je wurin aiki, ma'aikacin asibiti zai kai allurar rigakafi ƙauye, ɗan kasuwa zai sayo kifi ko shinkafa, kowannensu sai ya tsaya a bakin mashigi ya yanke shawarar da rayuwarsa ta rataya a kanta.

Ya kamata mu fara da sanin ƙasar kanta. Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Chalawa. An datse na Kano da madatsar Tiga a 1974, aka datse na Chalawa a 1992. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi da Katagum. Da ruwan Haɗejiya ya wuce garin sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayin rairayi, sai ya rarrabu rassa-rassa, daga cikinsu akwai Marma wadda ke zuba a tafkin Nguru, akwai kuma Burum Gana. Can kusa da Gashuwa ruwayen sukan haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka shigar da tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin duniya da ake kiyayewa, saboda tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a nan.

Arzikin wannan ƙasa ba ya ɓoyuwa. Akwai shinkafa, da alkama, da tattasai, da albasa, da kifi ɗanye da banda, ga dabbobin Fulani a ko'ina. Tun 1930 da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano garin ya zama matattarar fatake. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani duk suna cin abinci a bakin ruwan nan. Amma akwai wata ciyawa da ake kira kachala, doguwa mai kauri, wadda ta mamaye magudanan ruwa tun bayan da madatsun suka canja tafiyar kogi. Idan ta toshe hanyar ruwa, sai ruwan ya nemi wata, ya malala gonaki da hanyoyin burji a ƙasar Auyo da Kirikasamma da Guri. Shi ya sa mashigin da mutum ya sani bara ba lalle ne ya same shi yadda ya bar shi ba, kuma wurin da aka bi da safe yana iya zama gurbi kafin la'asar, domin ruwan da ya sauka a Kano ko a Jos yana iya isowa nan alhali sama tana garau.

Baburan da ke bin waɗannan hanyoyi iri biyu ne. Mafi yawa ƙananan nan ne irin su Bajaj Boxer, waɗanda nauyinsu bai fi kilo 100 da 'yan kai ba. Sa'an nan akwai manyan baburan ratsa daji da Turawa suka ƙera domin doguwar tafiya, waɗanda wasu masu hali da matafiya baƙi suke hawa. Tarihinsu ma yana da alaƙa da maƙwabtanmu, domin tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda aka kammala a Janairun 1979, ta Agadas da Yamai ya bi, kuma kamfanin Yamaha ya raɗa wa baburinsa suna Ténéré ne saboda hamadar Tenere ta Nijar. Shi da Honda Africa Twin suna da doguwar tayar gaba mai inci 21, amma kowannensu ya haura kilo 200. Tsawon ƙafa yana taimakonsu a ruwa mara gudu. Nauyin kuwa abokin gaba ne, domin ƙaramin babur idan ya faɗi mutum ɗaya zai ɗaga shi, samari huɗu za su ɗauke shi a kafaɗa, amma babba idan ya kwanta cikin laka ya danne ƙafar mai shi, to, ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya kashe mutum.

Abin da mutane da yawa suka jahilta shi ne nauyin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan guda ne, watau buhu 10 masu kilo 100. Idan kuma gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa yakan ninka huɗu. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin mutanenta cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa inci 6 ne kacal yana iya kayar da babban mutum, mai ƙafa 1 yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai ƙafa 2 kuwa yana iya tafiya da mafi yawan motoci. To, idan wannan shi ne halin mota mai ƙafa huɗu, ina ga babur mai ƙafa biyu, wanda tsayuwarsa ta dogara ga ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa, wanda bai fi tafin hannu ba? Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Don haka aiki na farko idan aka iso mashigi shi ne tsayawa. A kashe inji, a sauka, a yi sallama ga mutanen wurin a tambaye su. A kowane mashigi na wannan fadama ba a rasa masunta ko manoma ko 'yan fito, kuma su suka san inda ƙasa take da tauri da inda take da taɓo, su suka san ko ruwan ƙaruwa yake yi ko janyewa. Matambayi ba ya ɓata. Idan babu kowa, sai a kafa tsinke a bakin ruwa a jira kamar rubu'in sa'a, a ga ko ruwan ya hau shi. A lura da launinsa kuma. Ruwan da ya yi ja, yana ɗauke da kara da itatuwa da kumfa, sabon zuwa ne daga sama kuma bai gama zuwa ba. Wannan ɗan jinkiri yana da wata fa'ida, domin yana ba inji dama ya huce, ga shi kuwa ƙarfe mai zafi idan ya faɗa ruwan sanyi iskar cikinsa takan tsuke ta zuƙo ruwa ta kafofinsa.

Aiki na biyu shi ne taka ruwan da ƙafa kafin a shigar da babur, idan ruwan ba mai ƙarfi ba ne. A riƙe gora ko doguwar sanda, ana soka ta gaba ana bin ta, da takalmi a ƙafa saboda ƙaya da fasassun kwalabe. Abin da ake nema uku ne: zurfi, da irin ƙasar da ke ƙarƙashi, da wurin fita a ɗaya gaɓar. Rairayi mai tauri da tsakuwa suna riƙe taya, baƙar laka kuwa takan haɗiye ta. Ma'aunin da muka ga gwanayen hanya suna aiki da shi mai sauƙi ne. Idan ruwa bai wuce cibiyar taya ba, watau kamar ƙafa 1, ana iya hawa a ratsa. Idan ya wuce nan amma bai kai kafar da inji ke shaƙar iska ba, sai a sauka a tura. Idan ya kai wannan kafa, babur ba zai shiga da ƙafarsa ba, sai a ɗauke shi. Idan kuwa ruwan mai gudu ne har ya kai gwiwa, ko mutum ya ji yana janye rairayi daga ƙarƙashin dugadugansa, to, magana ta ƙare, inda mutum bai iya tsayawa da ƙafafunsa ba babur ba zai tsaya ba. Wajibi ne kowa ya tambayi bakanikensa tun a gida ya nuna masa inda kafar iskar baburinsa take, ya auna tsayinta daga ƙasa a jikin ƙafarsa.

Aiki na uku shi ne rage kaya. Wanda aka goya ya sauka ya taka, mata da yara a ƙetarar da su dabam. Buhu da kwali a kai su a ka. Jakar da ke rataye a baya a sassauta ta yadda za a iya yar da ita, babbar riga a naɗe ta, domin tufa idan ta sha ruwa takan yi nauyi ta kuma sarƙe a taya. Takardun aiki da waya da kuɗi a ɗaure su cikin leda. Idan ayari ne, a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, na baya ba zai taso ba sai na gaba ya fita, sauran kuwa su tsaya cikin shiri domin kai agaji.

Shiga ruwan kuwa ga yadda take. A sa giya ta ɗaya, a riƙe totur a wuri guda yadda inji zai yi ƙara daidai ba tare da yankewa ba, a riƙa daidaita gudu da kuloci, tafiya kamar ta mai sauri a ƙafa. Ba a canja giya a tsakiyar ruwa, ba a sakin totur, domin muddin hayaƙi yana fita ruwa ba zai sami hanya ta salansa ba. Ido ya kasance a kan wurin fita, saboda wanda ya ƙura wa ruwa mai tafiya ido jiri yakan ɗebe shi ya bi shi bai sani ba. Birkin gaba ba a damƙe shi a kan santsi. Idan ruwan yana ɗan gudu, a fara daga sama kaɗan a karkata zuwa inda yake gangarawa, kada a yi gaba da gaba da shi. Mai turawa kuwa ya tsaya ta ɓangaren da ruwa ke fitowa, domin in babur ya faɗi ya faɗi nesa da shi. Idan aka ji faɗuwa ta zo babu makawa, abu na farko shi ne kashe inji kafin ya nutse.

A wani mashigi a ƙasar Guri mun ga hikimar mutanen wurin. Samari sun tanadi itatuwa biyu masu ƙwari, suna zura ɗaya ta tayar gaba ɗaya ta baya, su huɗu su saɓa babur a kafaɗa, ruwa iya ƙugu, su kai shi tudu a kan ɗan abin da bai kai kuɗin fulogi biyu ba. Muna nan wani saurayi ma'aikaci ya iso, ya ga kuɗin kamar ɓarna ne, ya ja da baya ya taho a guje. Ruwan da tayarsa ta feso ya rufe shi har ka, inji ya mutu a tsakiya, shi kuwa ya hau buga kik yana maimaitawa. Allah Ya tsare ransa, amma a bayan akori-kura baburin ya koma gari.

Dalilin wannan asara yana da kyau a fahimce shi. Inji yana aiki ne da matse iska da mai cikin silinda. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ruwa ya shiga silinda fistin ya taso ya buge shi, sai sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe ko ta karye, gyaran kuwa sai an kwance inji duka. Saboda haka babur idan ya mutu cikin ruwa ba a tayar da shi. A tura shi tudu, a buɗe akwatin matatar iska a zubar da ruwan ciki, a matse soson a shanya, a kwance fulogi, a ɗaga tayar gaba domin ruwan salansa ya fita, sa'an nan a yi ta buga kik babu fulogi har ruwa ya daina fesowa ta ramin. A kwance ɗan kusan da ke gindin kafireto a tsiyaye man da ya gauraya. A duba baƙin mai, idan ya yi fari kamar an dama shi da madara to ruwa ya shiga, sai an juye shi, sau da yawa fiye da sau ɗaya, kafin a yi tafiya mai nisa. Manyan baburan zamani ba su da kik ba su da kafireto, na'ura ce ke ba su mai, kuma a yawancinsu sai an ɗaga tanki kafin a kai ga fulogi, saboda haka masu su sun fi kowa bukatar taka-tsantsan. Sifana ta fulogi da fulogi sabo da ɗan tsumma busasshe guzuri ne da bai kamata a bari a gida ba.

Ko an ƙetare lafiya da sauran aiki. Birki jiƙaƙƙe ba ya kamawa, musamman irin na ƙananan babura wanda yake rufe cikin taya. A yi tafiya a hankali ana ɗan taɓa shi har ya bushe kafin a ƙara gudu. In an sauka a wanke sarƙa a sa mata mai. Shi ma mutum ya wanke jikinsa da ruwa mai tsabta, domin kwantaccen ruwan fadama gidan tsargiya ne, ƙwayar cutar kuwa ta fata take shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan makonni ya nemi asibiti.

Kada wanda ke bin kwalta ya ɗauka wannan magana ta mutanen ƙauye ce. A 2012, da kuma 2022, ruwan Neja da Binuwai ya yanke hanyar Abuja zuwa Lokoja, manyan motoci suka yi kwanaki a jere. A ambaliyar 2022 fiye da mutum 600 suka rasu a Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, a watan Satumba na shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Kwaltar da ruwa ya rufe ta fi mashigin daji yaudara, domin mutum yana ganin ya san ta. Ruwa yakan ci ƙasar da ke ƙarƙashinta ya bar ɓawon a rataye, yakan ɗauke kwalbati ya bar rami, gefen hanya ne kuma yake fara zaizayewa. A cikin gari ga lambatu a buɗe wanda ba a gani, ga wayar lantarki da iska ta kayar. Idan dole ta sa, a bi tsakiyar hanya inda ta fi tudu, a bar babbar mota ta wuce igiyar da ta tayar ta kwanta. Gadar da ruwa ke bi ta samanta ba a hawa ta. Da dare kuwa ba a shiga ruwan ambaliya ko kaɗan, domin fitila saman ruwa kawai take haskawa.

Inda akwai fito, shi ne mafita, amma da sharaɗi. A kwantar da babur ko a ɗaure shi a tsakiyar kwalekwale, a rufe famfon mai, a ƙi shiga jirgin da aka cika har ruwa ya kusa bakinsa, a sa rigar ruwa in akwai. Rayukan da ake asara kowace damina a kogunanmu, lodi fiye da ƙima da tafiyar dare suna cikin manyan sabubbansu.

To, jama'a, mun sha jin mutum a bakin ruwa yana cewa abin da Allah Ya rubuta ba makawa, sa'an nan ya afka. Wannan ganganci ne aka sa masa rigar tawakkali. Malamanmu sun lissafa kiyaye rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsarewa, kuma labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure taguwarsa sa'an nan ya dogara ga Allah sananne ne ga kowane ɗalibi. Auna ruwa da gora shi ne ɗaure taguwar mai babur. Haka nan wanda ya ɗauki fasinja ko kayan wani, amana ce a wuyansa, ba shi da ikon yin caca da ita domin gudun kuɗin fito.

Wani kuma yakan ce yana sauri ne kada salla ta kuɓuce masa. Fiƙihunmu ya riga ya ba da amsa. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo a cikin Risala mas'alar matafiyin da lokaci ya riske shi cikin caɓi bai sami busasshen wuri ba, ya bayyana cewa zai yi sallarsa a tsaye yana nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Shari'ar da ta yi wannan sauƙi saboda laka ba za ta nemi mutum ya jefa kansa cikin igiyar ruwa domin ya riski masallacin da ke ƙetare ba. Ga kuma rangwamen haɗa salloli ga matafiyi. Haka muke kira ga shugabannin ma'aikatu da iyayen gida a kasuwa, kada su matsa wa yaransu lamba a ranar da ruwa ya cika. Takardar da ba ta isa yau ba za ta isa gobe, kasuwar da aka rasa wannan mako za ta sake ci a mako mai zuwa.

Mutanen wannan fadama masu karamci ne, baƙon da ruwa ya tare ba ya rasa tabarma da tuwo a zauren mai gari ko na liman. Ruwan kwari sau da yawa yakan janye cikin sa'o'i, na kogi cikin kwanaki, kuma hanyar zagaye ko da ta ƙara mil 30 ta fi kusa ga wanda yake so ya isa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa, Ya jiƙan waɗanda ambaliya ta yi ajalinsu, amin.